Taƙaitaccen abin da aka faɗa kan ziyarar Badagry

Ga abin da na tattaro daga shawarwarin da mutane suka bayar kan ziyarar Badagry, garin tarihi a jihar Legas, ba ƙari.

1. Hanya: kusan kowa ya ce a bar unguwar Mile 2 ta Legas da asuba. Cunkoson titin Legas zuwa Badagry na iya cinye rabin yini. A riƙe katin shaida, domin shingayen jami'ai suna da yawa saboda kusancin Seme, iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin.

2. Wuraren gani: bene na farko da 'yan mishan suka gina a 1845, gidan tarihi na Heritage, gidan Mobee mai sarƙoƙin bayi, da kurkukun bayi na Seriki Williams Abass. An tuna cewa sarautar "Seriki" daga kalmarmu ta sarki aka aro ta. Kowane wuri da kuɗin shigarsa, don haka a tafi da tsabar kuɗi da canji.

3. Tsibirin Gberefu, inda a da ake loda bayi a jiragen ruwa: a daidaita kuɗin kwale-kwale na zuwa da dawowa tun kafin a hau, kada a shiga ba rigar kariya daga nutsewa. Daga gaɓa akwai tafiyar ƙafa cikin rairayi, ga rana, sai a ɗauki ruwan sha. Ba a wanka a tekun, igiyar tana ja. Wannan kam na ƙara jaddadawa.

Inda aka rabu: wasu sun ce yini ɗaya ya isa, wasu sun ce a kwana, kada dare ya yi a hanya. Kan ɗan jagora ma haka: ya san lungunan garin, amma wasu na ƙara gishiri.

Lokaci: Nuwamba zuwa Fabrairu. Yuni ruwa ne.