Kofi da shayi masu lambar yabo: da wane abinci kuka taɓa haɗa su?

Ɗan Fagge a Dubai:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a wani shagon kofi a nan Dubai, kuma cikin abin da muke sayarwa akwai Gesha na ƙasar Panama, kofin da duk masu harkar nan suke ji da shi. Asalin irinsa daga dajin Gesha ne a kudu maso yammacin Habasha, ya bi ta Kosta Rika ya shiga Panama, ya yi shekaru ba wanda ya damu da shi. Sai a 2004 gonar Hacienda La Esmeralda da ke Boquete ta shigar da shi gasar Best of Panama ta cinye, aka yi gwanjonsa dala 21 kowace laba, lokacin da kofin kasuwa bai kai dala ɗaya ba. In ka sha shi zalla, ba sukari ba madara, ƙamshin fure da ɓawon lemu za ka ji, da ɗan tsami mai daɗi, ba nauyi ko kaɗan.

Abin da ya sa na buɗe maganar nan shi ne, na gwada shi da kilishin da aka aiko mini daga gida, yanka ɗaya na ci sai ƙamshin nan ya ɓace gaba ɗaya, ya koma ruwan zafi mai tsami. Yaji da citta sun danne shi. Da na gwada shi da gireba kuwa, ƙamshin har ƙaruwa ya yi. To ina so kowa ya kawo abin da harshensa ya gaya masa, ba labarin da ya ji a bakin wani ba.

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ai kilishi ba abokin abin sha mai laushi ba ne, sai wanda zai iya tsaya masa. Mu nan koren ganyen shayin ƙasar Sin muke dafawa, wannan mai ƙananan ƙwayoyi a nannaɗe, ba shi da wata lambar yabo, a kanti ake auna maka shi. Ana ɗora 'yar buta a kan garwashin gawayi, a bar shi ya tafasa har ya yi duhu, a sa sukari, a riƙa zubawa daga sama ana mayarwa tsakanin kofi da buta har kumfa ta hau ta zauna. Dafuwa ukku ce. Ta farko ɗaci gare ta sosai, ita ce ta kilishi da balangu, don tana wanke maiƙo daga baki kuma yaji bai iya rufe ta. Ta biyu da ta ukku sun fi sauƙi da zaƙi, su ne na cuku. Wanda bai taɓa karya busasshen cuku ya tsoma shi a shayi mai zafi ba har ya ɗan yi laushi, to akwai abin da ya wuce shi. Buzaye sun daɗe da sanin wannan haɗin tun kafin mu.

Hajiya Mai Alkaki:
Sannunku da hira. Ni gahawar Larabawa na sani, a Madina na fara shanta da azumi. Suyarta ba ta yin baƙi, ruwanta fatsi-fatsi ne, ana dafa ta da hel, wato kayan ƙamshin nan da Turawa ke kira cardamom, wasu su ƙara za'afaran, kuma ba a sa mata sukari. Dabino shi ne sukarinta: ka gutsura, ka kurɓa. Cikin irin dabinon, ajwa ba ta cika zaƙi ba, tana barin ka ji hel ɗin sosai. Sukkari kuwa zaƙinta ya fi ƙarfi, da ita ɗacin yakan kwanta gaba ɗaya. Ni na fi son ajwa. A finjali ake zubawa, kaɗan-kaɗan, da hannun dama, in ka ƙoshi ka girgiza finjalin. Har UNESCO ta sa al'adar a jerin kayan gadon duniya a 2015. Da na dawo gida sai na riƙa ba baƙina ita da alkaki da nakiya. Alkaki ya karɓe ta ƙwarai, saboda ɗan tsaminsa da zumar da ya sha. Nakiya kuwa in barkononta ya yi yawa tana faɗa da hel.

Ɗan Fagge a Dubai:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, alkakin nan bai zo mini a rai ba. Bari in faɗi yadda ake ba da lambar, don a gane inda matsalar take. Alƙalan gasa ba sa cin komai a wurin. Ana jera kofuna, a zuba garin kofi kusan giram 8 a ruwan zafi mililita 150, a jira minti 4, a fasa abin da ya taso sama da cokali ana shinshinawa, sannan a ɗiba a zuƙe da ƙarfi har da ƙara, a tofar. Maki ɗari ne, ba su san gonar wa suke sha ba. Kenan lambar ta kofin ce shi kaɗai a baki mai tsabta, ba ta ce komai a kan yadda zai kasance bayan tuwo da miyar kuka ba.

Ma'aikaciya a Addis Ababa:
Gaskiya ne Malam. A nan Habasha an fara gasar Cup of Excellence a 2020, kuma wani manomi daga yankin Sidama ne ya zo na ɗaya. Na sha kofin Sidama da na Yirgacheffe a shagunan zamani, an tace su ta takarda, masu ƙamshin 'ya'yan itace. Amma wanda ya zauna mini a rai a gidan maƙwabciyata na sha shi. A gabanka take wanke ɗanyen kofin, ta soya shi a kasko, ta zagaya da hayaƙin kowa ya shaƙa, ta daka a turmi, ta dafa a tulun ƙasa mai dogon wuya da suke kira jebena, ga turaren lubban yana tashi. Su ma zagaye uku suke yi: abol, tona, baraka. Abin haɗinsu gugguru ne da soyayyen sha'ir, wani lokaci da gyaɗa. Na lura duk abubuwa ne marasa yaji, masu ɗan gishiri da ƙamshin suya, shi ya sa ba sa gasa da kofin. A wasu ƙauyukan gishiri suke sawa maimakon sukari, har da man shanu. Na gwada kofin Sidama da soyayyar aya mai gishiri, ya tafi daidai.

Ɗan Gembu:
Kowa ya tafi ƙasashen waje an bar mu a kan dutse. A tsaunin Mambila, ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba, muna da gonar shayi a Kakara, kuma manoma na shuka kofin arabika saboda tsayi da sanyin wurin. Baƙin shayinmu mai ƙarfi ne, yana ɗaukar madara, shi ya sa yake tafiya da masa da ƙosai da burodi da ƙwai. Abin da nake so ku kula da shi ruwa ne. Ganye ɗaya na dafa a Gembu da ruwan ƙorama, na dafa shi a Maiduguri da ruwan burtsatse, wallahi ba ka ce abu ɗaya ba ne: na biyun ya yi duhu, wani yauƙi ya taso a samansa, ƙamshin ya mutu. Wanda ya kashe kuɗi ya sayi ganye ko kofi mai tsada, ya fara neman ruwa mai kyau tukuna. Abin da ke damuna shi ne kofin manomanmu a buhu ɗaya ake haɗe shi, mai kyau da marar kyau, ba wanda ya taɓa zama ya ɗanɗana na kowace gona daban balle a san wanda ya cancanci yabo.

Mai hidimar tebur a Kef Tawun:
Salamu alaikum. Ni a gidan abinci nake aiki a Afirka ta Kudu, inda giyar inabi ta Stellenbosch take cin lambobi, kuma a kanta aka fi yin wannan ilimin haɗi. Ba na sha, amma dole na koyi ƙa'idar don baƙi na tambaya. Jar giya tana da bauri, irin wanda goro ke bari a baki, shi ya sa ake ba da ita da jan nama mai kitse: kitsen yana kwantar da baurin, baurin yana share kitsen. Farar giya mai tsami ta kifi ce. Abinci mai yaji kuma mai ɗan zaƙi ake nema masa. Ƙa'idar ba ta giya kaɗai ba ce, ita ce ta sa dafuwar farko ta ɗan'uwanmu na Damagaram ta dace da balangu. Baƙi Musulmi na da yawa a nan, ni zoɓo nake haɗa musu: a jiƙa shi a ruwan sanyi ya kwana maimakon tafasawa, kanumfari kaɗan, sukari ɗan ƙanƙani, ban da abarba da kayan ƙamshin kwalba. Da gasasshen naman rago, tsaminsa yana yin aikin da ake nema.

Hajiya Mai Alkaki:
Ɗana, zoɓon nan da ka ce, wane iri? Namu na kasuwa akwai baƙi-baƙin da jan mai haske, kuma tsaminsu ba ɗaya ba ne.

Mai hidimar tebur a Kef Tawun:
Hajiya, ina wuni. Mai duhun nake sa wa nama, ya fi kauri da launi. Mai hasken ya fi tsami, shi nake ba wa mai cin soyayyen kifi. In tsire ne mai yaji da ƙuli da yawa, a ƙara sukari kaɗan, ko a koma kunun aya mai sanyi, shi ya fi kashe zafin barkono.

Ɗan Damagaram:
Ɗan Gembu, in akwai mai zuwa Kano daga wajenku, aiko mini da ganyen Kakara ta hannunsa, direbobinmu na Damagaram kullum suna hanya. Ni kuma in aiko maka da cuku na bana, ka gwada shi da shayinku ba madara, ka zo nan ka faɗa mana yadda ka ji.