Na buga kati 500, mutum biyu kacal suka kira ni

Mai haɗa sola, Mabera:

Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena na wannan zaure, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, shawara na zo nema. Wanda dariya ta kama shi ya yi abarsa, amma don Allah ya bar mini abin da zan ƙaru da shi.

Shekara huɗu na yi a hannun maigidana ina koyon haɗa sola, bara ya yaye ni. Ba ni da shago tukuna, daga gida nake fita da mashin da jakar kayan aiki. Wani abokina ya ce muddin ba ni da katin sana'a, kallon ɗan koyo za a ci gaba da yi mini. Na je aka buga mini guda 500. Ni dai a idona ya yi kyau: baƙi ne, rubutun ruwan zinare, Bismillah a sama, ga hoton farantin sola da rana tana fitowa, ga wani sunan kamfani na Turanci da na raɗa wa kaina. Na jera ayyuka takwas, lambar waya uku, da Facebook da imel.

Juma'ar farko na tsaya bakin masallaci bayan an sallame na raba kusan 200. Wasu na kai Babbar Kasuwar Sakkwato, wasu tashar mota, wasu wurin ɗaurin aure. Abin da ya karya mini gwiwa tun ranar farko, da na dawo ɗaukar mashin sai na ga katunana a ƙasa ana takawa. Na tsinto sama da talatin. Wani bawan Allah kuma na gan shi da idona yana sakace da gefen ɗaya.

Yau wata biyu ke nan, kira biyu na samu. Ɗaya yana tambaya ko ina ɗaukar yara aiki, ɗayan fitilar hannu yake nema. Saura 180 a jaka, ga zafi na tafe, lokacin da aikinmu ke tashi. Laifin katin ne, ko nawa, ko kuwa zamanin kati ne ya wuce?

Mai ɗab'i, Rijiyar Dorowa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Wannan sana'ata ce, shekara goma sha bakwai ina buga katin aure da na sana'a, kuma zan gaya maka abin da wanda ya buga maka bai gaya maka ba. Mu in mutum ya zo da abin da ransa ke so, sau da yawa bugawa muke mu karɓi kuɗinmu.

Kati bai wuce milimita 85 a tsawo da 55 a faɗi ba, kusan daidai da katin cirar kuɗi na banki. A wannan ɗan filin ka cusa ayyuka takwas da lamba uku da hoto, dole rubutu ya koma kamar sawun tururuwa. Ruwan zinare a kan baƙi kuwa a fuskar kwamfuta yake ɗaukar ido. A takarda, a hannun dattijon da ya baro tabarau gida, duhu ne kawai. Kuma ka tuna yawanci wannan dattijon shi ne mai kuɗin sayen inbata da batir.

Da ni ne zan sake maka, fari zan yi da baƙin rubutu. Sunanka da aka san ka da shi, ƙasansa "Haɗa sola da gyaranta", sai lamba ɗaya tak, manyan baƙaƙe, a rarraba ta huɗu, uku, huɗu yadda baki ke karanta ta. Lamba uku ba ta nuna girma, tambaya take haifarwa: wacce ce mai shiga? Ka nemi takarda mai kauri, wadda muke ce wa giram 300 ko 350, don mai laushi gumin watan Afrilu kaɗai ya isa ya mayar da ita tsumma a aljihu. A sa leda a gaba, amma bayan a bar shi haka nan, don biro ba ya kama leda.

Malamin Islamiyya, Minanata:

Ɗana, ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne Bismillar da aka taka. Na san da kyakkyawar niyya ka sa. Wasiƙar Annabi Sulaimanu ma da ita ta fara, kamar yadda ya zo a Suratun Namli, aya ta 30. To amma waccan wasiƙa ce zuwa hannu sananne, kati kuwa da ya bar hannunka ba ka da iko da inda zai faɗa. Waɗanda ka tsinto, Allah ya ba ka ladan tsintowa. Su da ragowar, in ba za ka yi amfani da su ba, ka ƙona su a wuri mai tsabta ko ka binne, yadda ake yi da tsofaffin takardun karatu. A sabon bugu kada ka sa. Ka yi Bismillarka da baki lokacin miƙawa.

Mai gyaran waya, Emir Yahaya:

Allah ya saka wa Malam. Amma ni fa abokina gaskiya nake gaya maka, kati ya zama tarihi. In kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Ka karɓi lambar mutum, ka yi masa filashin nan take, ka tsaya har ya ajiye sunanka. Daga nan kullum yana ganin aikinka a sitatus. Kuɗin bugu ka sa data da su.

Dillalin albasa, Kara:

Yaro mai waya, rabin gaskiya gare ka. Ni wayata cike take da "Mai sola", "Mai sola 2", "Mai famfo sabo", wallahi ban san ko su wa na ba. Bara anka ɗauke mani waya cikin kasuwa, duk sunka tafi tare. Amma akwai kati guda cikin aljihun 'yar sharata yau shekara ukku, har ya yi baƙi, kuma labarinai nika son ba ɗana mai sola.

Injin ban-ruwan wani manomi da nika saye wurinai yal lalace can wajen Goronyo, albasa na tsakiyar son ruwa. Anka kira wani saurayi makanike. Ina tsaye yag gyara, sannan yan nuna muna abin da yak kashe injin, yac ce in ba a canza shi ba cikin wata guda za a koma gidan jiya. Sai da munka gama magana kaf, yaw wanke hannu, sannan yaf fiddo kati, yaj juya bayanai yar rubuta sunan abin da za a saya da kuɗinai, yam miƙo mani da hannun dama shina rusunawa. To mi za ya sa in yar da wagga takarda? Lissafina na a kai. Daga sannan zuwa yau na tura mashi mutum ya fi goma, wasu ma katin kawai nika nunawa su kwafi lamba su maido mani abina.

Kai kuwa ɗana, ka ɗauki kati kamar goron ɗaurin aure. Goro ma ya fi shi, don wanda ba ya ci shina kai ma wani. Mutumin da anka sallame Juma'a, rana tsaka, takalminai shika nema da inuwa, bai tambaye ka komi ba, ba ku gaisa ba, ka cusa mashi takarda. Kunya ta sa yak karɓa, da yab ba ka baya yas saki. Kati ba shi buɗe magana, rufe ta shika yi. Sai mutum ya koka maka wuta, ka ba shi amsar da ta nuna ka san aiki, sannan kati ya fito.

Kuma ka daina neman dubu, nemi ashirin. Masu sai da batir da wayar wuta cikin Babbar Kasuwa, kullum ana tambayarsu wa za ya haɗa. Magina da masu wayarin na sabbin gidaje wajen Arkilla da Kalambaina. Masu haƙa burtsatse, tunda yanzu famfon sola aka yayi har cikin fadama. Tafi da ƙafarka, zauna ku gaisa, zuwa da kai ya fi aike. Bar ma kowa biyar, kuma ku yi magana a fili kan ɗan abin da za ka ba shi in aiki ya faɗa. Mu dillalai ba mu jin kunyar wagga magana, la'ada halal ta. In shi ma yab ba ka nashi katin, duba shi gabanai kafin ka sa aljihu.

Mai ƙanƙara da zoɓo, Arkilla:

Baba dillali ya gama magana, amma dukanku kun manta da mu. Ƙanena, a masallaci da tasha maza ka raba wa. Wa ke gida lokacin da firiza ta narke, kunun aya ya yi tsami, jari ya tafi? Mu ne. Azumin bara da zafi ya haura digiri 40, mata nawa na sani da suka so haɗa sola saboda ƙanƙara, ba su san wanda za su yarda ya shigo musu gida ba. Mu ba hoton rana muke dubawa ba, tambayarmu ita ce wa ya taɓa yi wa aiki, kuma yana da kunya.

Duk gidan da ka gama aiki ka ba maigida kati biyu, ka ce ɗaya na uwargida ne. Ita za ta ɗauki hotonsa ta tura zauren matan unguwa da na 'yan adashi, ko ba ka roƙa ba, in dai aikin ya yi kyau. Don haka lambar ta fito sosai a hoto, kuma ta zama mai WhatsApp. Sannan ka yi sitika ka manna a jikin inbata. Ranar da ta fara kuka da tsakar dare ba wanda zai tashi neman kati a durowa. Wanda ya haɗa mini tawa bai bar komai ba, sai da na bi ta hannun mutum uku kafin na same shi.

Ɗan kasuwar Illela:

Ƙari kaɗan. In kana son aiki ta wajenmu, mutanen Ƙonni na shigowa Illela kowace Lahadi. Lamba mai fara da sifili ba ta shiga daga Nijar, ka rubuta ta da +234 a gaba ka cire sifilin. Kuma ka yi tunanin ajami. Har yau takardun naira 200 da 500 da 1000 da shi a jiki, kuma dattawanmu da yawa da shi suke rubuta bashi. Layi ɗaya ya isa.

Mai ɗab'i, Rijiyar Dorowa:

Maganar ajami gaskiya ce, sai dai a kula. In ka bar wa yaron kwamfuta, da baƙaƙen Larabcin gabas zai buga, alhali wanda ya tashi a makarantar allo da rubutun warash ya saba, inda fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Ka sami alaramma mai kyan hannu ya rubuta maka da tawada a farar takarda, mu ɗauki hotonsa mu ɗora. Kuma kada ka yarda a buga da yawa sai an fitar maka da gwaji guda, ka kira lambar da ke kai da wayar wani. Na taɓa ganin kati dubu da aka juya lamba biyu a ciki. Wannan karon 100 ya ishe ka.

Ma'aikaciya, Gawon Nama:

Ƙanena, sunan kamfanin nan na Turanci, ka yi masa rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni? In ba ka yi ba, ranar da wata makaranta ko asibiti suka nemi takardunka za ka ji kunya, kuma wataƙila ma wani ya riga ka sunan. Ko ka yi rajistar ka sa lambarta a katin, ko ka tsaya a sunanka na yanka har Allah ya hore.

Mai gyaran waya, Emir Yahaya:

To Baba, na sauko, amma ba duka ba. A haɗa biyun. A sa lambar QR a gefe, wadda in an haska ta da waya za ta buɗe WhatsApp ɗinsa kai tsaye. Kada ta gaza santimita biyu, in ta ƙanƙance ƙananan wayoyi ba sa karantawa. Kuma duk wanda ya karɓi kati a karɓi lambarsa, in ba haka ba kai ne kullum mai jira.

Mai haɗa sola, Mabera:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam, yau bayan la'asar na ƙona na ƙasan da ragowar duka. Hajiya, ban yi rajista ba, sunan zai jira. Baba dillali, maganarka ta sa na ƙirga gidajen da na yi wa aiki tun da aka yaye ni: goma sha ɗaya ne, kuma ko ɗaya ban bar wa kati ba, na je ina raba wa waɗanda ba su san ni ba. Hazon bana ya rufe faranti da ƙura, wuta na raguwa, don haka gobe zan fara zagaya su in goge musu kyauta, in manna sitika in an buga. Yaya mai ɗab'i, zan shigo ranar Asabar. Bayan katin ina so a bar rabi fili don lissafi, rabi a rubuta cewa a riƙa goge faranti da sassafe kafin ya ɗau zafi. Zai shiga?

Mai ɗab'i, Rijiyar Dorowa:

Zai shiga in ba ka dawo da ayyuka takwas ɗin ba. Ka zo da rubutun alaramman.

Mai ƙanƙara da zoɓo, Arkilla:

Kafin Asabar ɗin, tawa inbatar kwana uku ke nan tana kuka da an kunna firiza. Turo lambarka ta akwati in ba maigidan ya kira ka. Ɗaya fa, ba uku ba.