Wane suna za mu raɗa wa “calculus” da Hausa?

Mai tambaya, daga Garwa:

Assalamu alaikum. Malamai da 'yan'uwa ɗalibai, taimakonku nake nema a kan kalma guda. Muna da ƙungiyar karatu a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, yawancinmu 'yan shekarar farko ne a fannin kimiyya, wasu kuma sun ci bak, wato jarrabawar gama sakandare, suna jiran shiga jami'a. Muna bin wani kwas ta intanet, na share fagen lissafin nan da ake kira calculus da Ingilishi, wanda aka tsara domin masu karatun kimiyyar halittu da sinadarai da fizik. Malamin da Ingilishi yake magana, fassarar Faransanci tana gudu a ƙasan bidiyon. Mutum ɗaya ke sauko da darussan mako da dare, lokacin da intanet ke da ƙarfi, ya tura wa saura waya zuwa waya, kowa ya je ya yi aikinsa da biro da takarda. Bayan isha'i mu haɗu mu yi ta gardama da Hausa, wani lokaci a surka da Fulatanci. Bayani yana tafiya daidai, sai an zo kan sunan abin da sunayen sassansa harshe ya ɗaure.

Mu da muka yi makarantar Faransanci matsalarmu biyu ce. A wurinmu calcul shi ne lissafin firamare, tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa. Wanda ya rubuta wannan kalma yana neman darasi a intanet, darasin yara zai tarar. Abin da muke nufi, a lise, wato babbar sakandare, an fara gutsura mana shi da sunan dérivée da intégrale, a jami'a kuma, Ngaundere ne ko Marwa ko nan Garwa, yana cikin darasin da ake ce wa analyse. Suna uku ke nan a harsuna biyu, ba ko ɗaya da ke gaya wa Bahaushe abin da ke ciki.

Abin da ke ciki kuwa tambaya biyu ne. Ta farko: abu yana sauyawa, to da wane ƙarfi yake sauyawa a daidai wannan gaɓa? Daga Garwa zuwa Ngaundere kusan kilomita 280 ne. In mota ta ci awa 5, yaron firamare zai raba ya ce kilomita 56 a awa. Amma a kan hawan dutsen nan kafin a shiga Ngaundere motar jan ciki take yi, a shimfiɗaɗɗiyar hanya kuma ta zura. Gudun da allurar gaban direba ke nunawa a kowane ƙiftawar ido, shi ake son a iya lissafawa, wannan ita ce dérivée. Ta biyu ita ce komawa baya: in ka san gudun kowace gaɓa, nawa aka tara na tafiya? Wannan ita ce intégrale. Sunan da zai ɗauki waɗannan biyun nake nema.

Wani matashi, daga Kuseri:

Yaya, me zai hana a bar shi kalkulas kawai? Mun karɓi kwamfuta, mun karɓi intanet, ba wanda ya koka. In kuma dole sai an fassara, an ce asalin kalmar a Latin 'yar tsakuwa ce, irin wadda mutanen Rum ke ƙirga da ita. Sai a ce lissafin tsakuwa, a wuce wurin.

Mai tambaya:

Ƙanena, na gode, asalin da ka kawo gaskiya ne. Shi ya sa ma likita a asibiti yake kiran tsakuwar ƙoda calcul. Amma lissafin tsakuwa zai mai da mu inda muke gudu, domin duk wanda ya ji zai zaci ƙirgen yara ne da tsakuwa a ƙasa, alhali wannan lissafi an ƙirƙiro shi ne saboda abubuwan da ba su ƙirguwa ɗaya bayan ɗaya: ruwa mai gudu, zafi mai hawa, magani mai raguwa a cikin jini. Batun kwamfuta kuwa, ita ana ganinta, ana taɓa ta, ko wane suna ka ba ta an san abin da kake nufi. Wannan ba a ganinsa, sunan ne zai fara riƙe wa ɗalibi hannu. Kuma kalkulas kunnen Najeriya da na kudu masu Ingilishi ya sani. Ɗan Marwa ko ɗan Njamena bai taɓa jin ta a aji ba. In aro za mu yi, na wa za mu ara?

Wani dattijo, daga Njamena:

Wa alaikumus salam, ɗana, Allah ya yi wa karatunku albarka. Mu a Chadi Larabci da Faransanci duka harsunan hukuma ne, kuma yaranmu da ke karatu da Larabci suna da sunan tuntuni: hisabut tafaduli wat takamul. Hausa ba baƙuwar Larabci ba ce a wannan fage. Hisabi namu ne, aljabara ma daga al-jabr na Alkhawarizmi ta fito, wanda ya yi aikinsa a Bagadaza a ƙarni na 9. Ibnul Haisam, da ya rasu a Alƙahira wajajen 1040, ya gano yadda ake tara lambobi masu ninkin kai sau huɗu, ya yi amfani da hakan ya fitar da girman cikin wani siffa mai kama da ƙwarya, wanda yau da wannan lissafi ake fitar da shi. Ko a ƙasar Hausa an yi Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina, masanin hisabi, da ya rasu a Alƙahira a 1741. Ni da za a bi tawa, a ce tafaduli da takamuli, mu da ɗaliban Larabci mu zama baki ɗaya.

Mai tambaya:

Allah ya gafarta Malam, wannan tarihi ya ƙara mana ƙarfin gwiwa, kuma zan karanta wa 'yan ƙungiya shi. Takamuli tana da daɗin ji, kunnen Bahaushe zai jiyo kammalawa a cikinta. Tafaduli ce ke ba ni tsoro. A Larabcin hisabi tana nufin ratar da ke tsakanin abu biyu, amma wanda ya yi makarantar allo falala zai jiyo, fifikon wani a kan wani. Sai an fassara masa fassarar. Ina ganin mu riƙe su a gefe, domin wanda zai zauna da ɗaliban Larabci ya san su.

Wani malamin lissafi a lise, daga Marwa:

Na ga a wani wuri an ba da shawarar lissafin canji. Ku yi nesa da ita. A garuruwanmu na bakin iyaka, in ka ce lissafin canji, naira da sefa za a kawo maka. Sauyi ita ce kalmar, ba ta da wannan nauyi. Shi kansa Newton, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro wannan lissafi, lokacin da annoba ta sa aka rufe jami'ar Kambirij a 1665 da 1666 ya koma ƙauyensu ya yi wannan aiki, kalmar da ya zaɓa daga gudana ta fito. Abu mai tafiya yake gani.

Inda nake so ku yi hankali shi ne dérivée. Na san za ku ce saurin sauyi, saboda misalin mota. Amma sauri da lokaci yake tafiya, kuma ba kullum lokaci ke cikin maganar ba. Ku ɗauki fili mai kusurwa huɗu, kowane gefe mita 3. Faɗinsa murabba'in mita 9. A ƙara wa gefen 0.1, ya zama 3.1, faɗin ya koma 9.61. An samu ƙarin 0.61 a kan ƙarin 0.1. Raba, ka sami 6.1. A rage ƙarin ya zama 0.01: faɗin 9.0601, in ka raba ka sami 6.01. A sake ragewa zuwa 0.001, ka sami 6.001. Kowa ya ga inda aka nufa: 6. Wannan 6 ita ce dérivée a wurin da gefe yake 3, kuma ba agogo ko ɗaya a cikin lissafin. Abin da muka yi awo ne, mun auna yadda faɗi ke sauyawa in gefe ya motsa. Saboda haka ni awon sauyi nake ce wa ɗalibaina in Faransanci ya ƙi shiga. In lokaci ne a ƙasa, awon sauyin ya zama sauri. In nisa ne a ƙasa, tsawo a sama, ya zama tsinin hawa ko gangara. Ɗan kimiyyar sinadarai zai same shi a yadda sinadari ke cinyewa a cikin kwalba, ɗan kimiyyar halittu a yadda ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa.

Kuma tunda ta intanet kuke yi, ku riƙa irin wannan rabawa da hannunku kafin ku haddace doka. Na'urar da ke duba amsa lamba kawai take gani, ba ta san ko kun fahimta ba.

Wata ɗaliba, daga Ngaundere:

Malam, barka da ƙoƙari. Kalmar “inda aka nufa” da ka faɗa ta taɓo abin da ke damuna, wato limite. A ɗakin kwananmu na jami'a a Dang kowa iyaka yake cewa, ni kuma ban gamsu ba. Iyaka abin da ba a ƙetarewa ne. Amma lilo in an sake shi yana mutuwa a hankali, yana wuce tsakiya ya dawo, ya sake wucewa ya dawo, kuma tsakiyar nan ita ce limite ɗinsa. Ya ƙetare ta ba adadi. Na ga ƙawayena sun kasa amsa tambaya saboda wannan, suna cewa ai ba a wuce iyaka. Ni madosa nake so, daga dosa, wurin da aka dosa. A misalin Malam sai a ce madosar 6.1 da 6.01 da 6.001 ita ce 6. Ba ta ce an isa ba, ba ta ce ba a isa ba, kuma haka ma'anar take tun da masanin lissafi Cauchy ya daidaita ta a Faransa a 1821.

Malamin Marwa:

'Yata, Allah ya ƙara basira. Madosa ta fi abin da nake amfani da shi. Na karɓa.

Mai tambaya:

Ni ma na karɓa, 'yar'uwa, da awon sauyi na Malam. Saura intégrale, kuma a nan ina da ra'ayi mai ƙarfi.

Mu mutanen Garwa muna da madatsar Lagdo a kan Binuwai, kamar kilomita 50 daga gari, wadda aka gina tsakanin 1977 da 1982. Wanda ya ga ambaliyar 2012 ya san ba ƙaramin abu ba ne sanin yawan ruwan da ke taruwa a bayanta. Da a ce ruwa yana shiga da ƙarfi ɗaya dare da rana, ninkawa kawai za a yi. Famfo mai zubar da lita 10 a minti, in ya yi minti 30, lita 300 ne. Amma kogi ba ya haka. A watan Agusta ƙarfinsa da safe daban, bayan an yi ruwa a kan tudu daban. Sai a yanka yini gunduwa-gunduwa, a kowace gunduwa a ɗauka ƙarfin bai sauya ba, a ninka, a tara. A ƙara ƙanƙanta gunduwoyin, a sake tarawa. Madosar wannan tarin ita ce intégrale. Hausawa sun riga sun faɗe ta: da yayyafi kogi kan cika.

Saboda haka tarawa nake so. Na san za a ce ai tarawa ta firamare ce. Amsata, shi ma Leibniz, wanda kamar Newton ya ƙirƙiro wannan lissafi, haka ya gan ta. Alamar nan mai kama da doguwar ƙugiya da muke rubutawa, harafin S ne ya ja shi, farkon kalmar jimla a Latin, ya fara rubuta ta a 1675, kuma da lissafin tarawa ya fara kiran wannan ɓangare. 'Yan gidan Bernoulli, masana lissafi, ne suka kawo kalmar integral daga baya, ta fito a rubuce a 1690. In ana tsoron rikicewa a cikin aji, a ce tarin sauyi, ta zauna kusa da awon sauyi. Zamansu kusa ma yana koyar da babban abin da kwas ɗin ke son kai mu: ɗaya yana warware ɗaya. Ka auna sauyin ruwan da ke cikin madatsa, ka sami ƙarfin shigarsa. Ka tara ƙarfin shigar, ka koma kan yawan ruwan da ya ƙaru. Da dérivée da intégrale ba mai jin wannan dangantaka a sunayen. Da awon sauyi da tarin sauyi, ɗalibi zai zarge ta tun kafin a gaya masa.

To ga inda muka tsaya a ƙungiyarmu, kuma da shi za mu fara aiki daga darasin wannan mako. Calculus shi ne lissafin sauyi, in ana son cikakken suna a ce lissafin sauyi da tarawa. Limite madosa, dérivée awon sauyi, intégrale tarin sauyi. A takardar jarrabawa Faransanci za mu rubuta, wannan ba gardama, kuma alamomin dérivée, dy/dx da f′, suna nan yadda duniya ta san su. Hausar ta zaman bita ce, da kuma ranar da ƙanenmu na lise za su tambaye mu me muke karantawa.

Dattijon Njamena:

Madalla, ɗana. Lissafin sauyi ya shiga kunne. Ku dai rubuta na Larabcin a gefen littafinku kamar yadda ka ce.

Mai tambaya:

In sha Allahu, Malam. Kalma ɗaya ta gagare mu har yanzu, ita ce fonction, kuma da ita kwas ɗin ya fara tun makon farko. An kawo aiki, an kawo dangantaka, an kawo doka. Aiki fassarar baki ce, dangantaka ta yi faɗi tunda fonction amsa ɗaya tak take ba kowace lamba, doka kuma muna bukatarta a wani wurin. Wanda ke da shawara ya kawo ta tare da jimlar da zai sa ta a ciki, misali yadda zai faɗi cewa faɗin fili fonction ne na tsawon gefensa, mu ji ko ta zauna a baki.