Inuwar haske a allon LED mai ɗigo a matse

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun kafa allon LED na P1.5 a zauren taro, amma idan farin rubutu ya fito a kan baƙi, sai wani dusasshen haske ya bayyana a layin da ke kusa da shi. Abin ya dame ni ƙwarai. Mene ne sanadi?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam, Malam. Allon yana kunna layukansa ne bi da bi, kuma ragowar cajin da ya maƙale a wayoyin yakan zube cikin fitilun da ya kamata su kasance a kashe, musamman da yake tazarar ɗigon kusan milimita 1.5 ce kacal.

Amsa ta 2: Ɗan'uwa, ka ƙara lokacin hutu tsakanin layi da layi a manhajar katin karɓa, wato katin da ke karɓar hoto ya rarraba wa fitilun allon, sannan ka gwada da launin toka mai duhu, domin a nan aibin ya fi fitowa.