Me ya sa Japan ke barin kyautar gwanin mai jifa babu kowa a wasu shekarun?

Sani_Gwale:
Assalamu alaikum jama'a. Ni dai ɗan ƙwallon ƙafa ne, Yamamoto na Dodgers ne ya ja ni kallon besbol. Da na bi tarihinsa sai na ga kafin ya tafi Amurka ya ci wata kyauta a Japan mai suna Sawamura sau uku a jere, 2021 zuwa 2023, lokacin yana Orix. Ina duba jerin waɗanda suka ci, sai ga gurbin 2024 wayam, haka 2019. Kuma an buga kakar har ƙarshe. Ƙungiyoyi 12, masu jifa birjik, a ce an rasa wanda ya fi saura? Ko Ballon d'Or sai da korona ta zo a 2020 kafin a fasa ba da ita. Don Allah wanda ya san kan abin ya warware mana.

Baba_na_Osaka:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Ina aiki a wani gareji kusa da Osaka da ke tura kayan gyaran mota waje, kuma a nan ko ka ƙi ko ka so sai ka san besbol, don abokan aikina ba su da hirar da ta wuce Hanshin Tigers.

Abin da ya rikita ka shi ne, ba a tambayar wa ya fi kowa bana. Tambayar ita ce, akwai wanda ya kai? Tsofaffin masu jifa ne su biyar ke zama bayan kaka, da ma'auni bakwai a gabansu. Wanda aka yi aiki da shi a 2024 shi ne: mutum ya fito wasa 25, ya ci 15, ya jefa wasa 10 shi kaɗai daga farko har ƙarshe ba a canje shi ba, ya yi zango 200 (wasa ɗaya zango tara ne), ya fitar da masu bugu 150 da jifa, nasararsa ta kai kashi 60 cikin 100, sannan makin da ake ci a hannunsa kada ya haura 2.50 a kowane zango tara. Ba wajibi ba ne a cika duka, amma in dattawan nan suka ga an yi nisa da yawa, sai su tashi taro ba su kira sunan kowa ba. An bar kyautar babu kowa a 1971, 1980, 1984, 2000, 2019 da 2024.

Sai ka san wanda aka sa wa kyautar sunansa kafin ka gane taurin kansu. Eiji Sawamura yana ɗan shekara 17, a 1934, taurarin Amurka suka zo Japan, aka sa shi jifa a Shizuoka. Yaron nan ya fitar da Gehringer, Babe Ruth, Lou Gehrig da Jimmie Foxx, ɗaya bayan ɗaya. An ci Japan 1-0, da bugu ɗaya tak na Gehrig. Daga baya aka ɗebe shi soja, ya mutu a 1944 da aka nutsar da jirgin ruwan da ke ɗauke da su, yana da shekara 27. A 1947 aka kafa kyautar. Wani dattijo da muke kwance injuna tare, in ya zo kan wannan labari har ajiye sifana yake yi. A ganinsa mai jifan da ke miƙa ƙwallo a zango na shida ya koma benci ya yafa tawul bai isa a haɗa sunansa da na Sawamura ba. Ni ma dai can na karkata.

Injiniya_Maraɗi:
Baba, da girmanka, amma a nan ban bi ka ba. Yi lissafi. Kaka wasa 143 ce, kuma a Japan mai jifan farko sau ɗaya yake fitowa a mako, wato wajen wasa 25 a shekara. Kafin ya kai zango 200 sai ya yi takwas a kowace fitowa, ba ciwo, ba ranar da hannu ya ƙi. Wane koci ne zai yarda da haka yau, alhali yana da ƙwararru da ya ajiye musamman don zango na takwas da na tara? Ma'aunin nan sai dai a zamanin su Kaneda, shahararren mai jifan Japan na da, lokacin da ake jifa har kafaɗa ta lalace.

Kuma kwamitin ba ya tsayawa kan magana ɗaya. Yamamoton da Sani ke so bai taɓa kai zango 200 ba a shekaru ukun nan. A 2023 zango 164 ya yi, wasa biyu kacal ya kammala, aka ba shi. Shekara na zagayowa Sugano na Giants ya ci 15 aka ci shi 3, makinsa 1.67, har aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Central (gasar Japan rukuni biyu ce, Central da Pacific) yana ɗan shekara 35, amma aka ce bai kai ba. Ina adalcin?

Baba_na_Osaka:
Injiniya, lissafinka daidai ne, amma ka ɓoye rabin labari. Yamamoto shi ne na ɗaya a Pacific a yawan nasara, da ƙarancin maki, da fitar da masu bugu, da kason nasara, duka huɗun, shekara uku a jere. Babu mai ja da shi. Sugano kuwa a 2024 masu bugu 111 ya fitar, ma'auni uku ya cika cikin bakwai. Shi kansa ya san bambancin, don a 2018 ya cika bakwai ɗin cif: zango 202, wasa 10 kammalallu, takwas daga ciki ba a ci shi ko maki ɗaya ba. Ka ga ba zamanin Kaneda ba ne, jiya-jiya ne.

In kana neman inda aka yi rashin kyautawa, koma 1981. Lokacin 'yan jarida ke zaɓe. Suguru Egawa ya ci wasa 20, ya fi kowa a kusan komai, ya zama gwarzon Central, amma aka tsallake shi aka ba abokin wasansa Nishimoto. Hayaniyar da ta biyo baya ce ta sa daga 1982 aka miƙa zaɓen ga tsofaffin 'yan wasa. Ko su ma ba su tsira daga tsegumi ba: Darvish ya cika bakwai a 2008, aka ba Iwakuma mai nasara 21. Kaneko na Orix ya cika bakwai a 2013, sai dai ya yi rashin sa'ar haɗuwa da shekarar da Tanaka ya ci 24 ba a ci shi ko sau ɗaya ba.

Amma kukanku ya kai inda ake so. A zaman da aka ba Hiromi Ito na Nippon-Ham ta 2025, an sanar cewa daga 2026 zango ya sauko 180, wasa kammalallu kuma takwas. Dattijon garejinmu ya yini yana tsaki.

Maman_Ilham:
Sannunku da fama. Malam Sani, kada ka haɗa ta da kyautar gwarzon ɗan wasa, ita wannan kowace shekara ana bayarwa, ɗaya a Central ɗaya a Pacific. 'Yan jaridar da suka shekara biyar suna ɗauko labarin wasan ke zaɓe, na ɗaya maki 5, na biyu 3, na uku 1. Su kuma cutarsu ita ce son ƙungiyar da ta ɗauki kofi. Shi ya sa na 2013 ya burge ni: Balentien, mutumin Curaçao, ya buga homuran 60 (bugun da ƙwallo ke tsallake shingen fili), ya karya tarihin 55 da Sadaharu Oh ya kafa tun 1964, aka ba shi duk da ƙungiyarsa Yakult ce ta ƙarshe a teburi. Sai kuma zaɓen gwanin kowane gurbi, inda a 2016 Ohtani ya fito a wuri biyu, mai jifa da mai bugu.

Sani_Gwale:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Ni dai ina bayan Injiniya, Baba ka yi haƙuri. Yaushe ake fara kaka, kuma ƙarfe nawa ne a agogonmu?

Baba_na_Osaka:
Ƙarshen Maris. Wasan dare yawanci ƙarfe 6 na yamma ake farawa a nan, wato 10 na safe a Kano. Ka fara da Hanshin a filin Koshien, ka bar su Injiniya da Giants ɗinsu.