Kama mai Telegram: shin gwamnati na iya karanta saƙonninmu?

Ɗan Kurmi: Assalamu alaikum. Idan wani ya sayar da ƙwaya a Telegram, me ya haɗa mai kamfanin da kurkuku? Kuma tunda Faransa ta kama Pavel Durov, mai Telegram ɗin, ko saƙonnin mutane sun zama a buɗe ke nan?

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam. An kama shi ranar 24 ga Agusta, 2024 a filin jirgin Le Bourget da ke kusa da Paris, aka ba da belinsa kan Yuro miliyan 5. Tuhumar ba ta ce shi ya sayar ba. Ta ce ya bari ana dillancin ƙwaya da damfara da yaɗa hotunan lalata da yara a manhajarsa, kuma kamfanin ya ƙi amsa buƙatun masu bincike.

Abin da mutane ba su sani ba: hirar yau da kullum a Telegram, da duk guruf da tashoshi, suna zaune a rumbun kamfanin, makullin buɗe saƙonnin ma yana hannunsu. Secret Chat, wato sashen hirar sirri na Telegram, kaɗai ke kulle daga waya zuwa waya, shi ma sai ka kunna da kanka, kuma tsakanin mutum biyu kawai yake aiki. Don haka Telegram ba za ta ce ba ta gani ba.

Barista Hauwa: Malam Bala ya taɓo inda gizo ke saƙar. Manhajar da ke iya gani ta ƙi ɗaukar mataki daban take da wadda ba ta gani sam. A Satumba 2024 Telegram ta sauya ƙa'idarta: da umarnin shari'a, tana miƙa lambar waya da adireshin IP (lambar da na'ura ke hawa intanet da ita) na wanda ake zargi.

Ni damuwata Ingila ce. A Fabrairu 2025 Apple ta janye Advanced Data Protection, tsarin da ke kulle ajiyar iCloud ta yadda ko Apple ba ta iya buɗewa, daga can maimakon ta buɗa wa hukuma ƙofa. Ƙofar da aka yi wa 'yan sanda, ɓarawo ma zai same ta.

Sani Mai Gyaran Waya: Masu WhatsApp, ku kula: saƙon a kulle yake tun 2016, amma kamfanin na iya sanin wa ka yi magana da shi da kuma yaushe. Ajiyar saƙonninka a Google Drive ko iCloud kuwa ba a kulle take haka ba sai ka shiga Settings, Chats, Chat backup, ka kunna kullewar da kalmar sirri. In ka manta kalmar kuma wayar ta ɓata, ajiyar ta tafi, WhatsApp ba za ta iya dawo maka da ita ba.