Na goro a hanyar iyaka: me kuke yi idan masu shinge suka tare ku?

Mai Corolla, Kano

Assalamu alaikum. Za a aurar da ƙanwar matata a Maraɗi bayan sallah, kuma ni aka ɗora wa kai iyali a motata. Duk zuwan da nake yi a motar haya ne, direba ke sallamar masu shinge, ni dai in ga ya dunƙule hannu ya miƙa ta taga mun wuce. Yanzu abin ya dawo kaina. Waɗanda suka saba bin Katsina zuwa Jibiya su faɗa Ɗan Isa, ko ta Kwangwalam, ko ta Illela, don Allah ku faɗa mana abin da ya same ku da kanku. Idan ɗan sanda ya leƙo ya ce a ba yara na ruwa, bayarwa kuke yi ko cijewa? In an cije, me ke biyo baya?

Direban Sharon, Katsina

Wa alaikumus salam. Malam, hanyar nan ita ce gonata. Mu 'yan haya ba ma gardama, kuma ba zan ɓoye maka ba. Tun a tasha ake lissafa kuɗin shinge a cikin kuɗin mota, shi ya sa fasinja ke ganin kamar mun tsawwala. Ina yin canji tun da asuba, 'yan ɗari biyu da ɗari biyar, in jera su kusa da giya. Kada ka kuskura ka buɗe walat a gaban mai kaki, abin da idonsa ya gani shi ne farashin. Wata rana na ce wa wani ba canji, ya ce kawo dubun zan ba ka canji, kuma wallahi ya ba ni.

Amma kai motar gida ce, ga mata da yara. Sau da yawa suna leƙowa su ce Alhaji a sauka lafiya, ko su roƙa da wasa. Ka yi murmushi ka ce sai na dawo. Kuma ka fita da safe. Hanyar Jibiya ba ta dare ba ce a wannan zamani, ka san dalili.

Malamin Sakandare, Zariya

Ni ba na bayarwa, kuma ba don na fi kowa tsoron Allah ba. Na lura ne cewa abu biyu kawai mai shinge ke riƙe ka da su: takardar da ba ka da ita, da saurin da kake yi. Idan ka toshe waɗannan biyun, sai ya koma roƙo, shi kuwa roƙo ana iya ba shi haƙuri.

Kafin in tashi ina haɗa lasisin tuƙi, takardun mota da ba su ƙare ba, takardar shaidar mallaka, takardar kwastam ta motar, inshora, sai Brown Card, wato inshorar ƙetare iyaka ta ECOWAS da aka kafa tun 1982, wadda kamfanonin inshora ke sayarwa. Kowanne ina da kwafinsa. Kwafin nake fara miƙawa, domin da zarar lasisinka na asali ya shiga aljihun mutum, to ciniki ya koma hannunsa.

A wani shinge kafin iyaka, wani ya juya takarduna gaba da baya bai samu komai ba, sai ya ce lambar inji ba ta fito sosai ba, in faka. Na faka. Ya ce sai oga ya zo. Na ce to, Allah ya kawo shi lafiya. Na fito da tabarma da buta, na yi alwala na yi azahar a gindin bishiya, na zauna ina cin gyaɗa. Motoci na ta wucewa yana karɓa, yana satar kallona. Can ya gaji, ya turo ƙaramin cikinsu da takarduna, wai in tafi na cika taurin kai. Ba oga, ba lambar inji. Ban ɗaga murya ba ko sau ɗaya, yallaɓai nake ce masa har na tashi mota. In da gaske akwai laifi, ina cewa a rubuta min, in biya a ba ni rasit. Yawanci daga jin rasit magana ke sauyawa.

Direban Sharon, Katsina

Malam, kai albashinka na tafiya kana gindin bishiya. Ni in na shimfiɗa tabarma, fasinjojin da ke motar ne za su fara zagina kafin ɗan sandan. Kuma gobe ma ni ne a gabansa, ya riga ya haddace lambar motata.

Bamaraɗe, Maraɗi

Barka da zuwa tun kafin ka iso. Bari in hwaɗa maka na ɓangarenmu, don 'yan Najeriya da yawa suna rikita abu biyu: kuɗin da doka ta sa, da kuɗin aljihu. In ka shigo da mota mai lambar waje, duwan, wato kwastam ɗinmu, za su yi maka lese-fase, takardar izinin shigar mota na ɗan lokaci. Ana biya, kuma a ba ka takarda. Akwai kuma kuɗin hanya da ake biya wajen fita gari, su ba ka tikiti, ka adana shi don za a tambaye ka a gaba. Waɗannan ba cin hanci ba ne, kada ka tsaya jayayya a kansu. Na ga mutumin da ya yi ta hayaniya a kan tikitin hanya, alhali ya riga ya miƙa jika biyu, wato sefa dubu biyu, ga wanda bai ba shi ko guntun takarda ba.

Jandarma kuwa takarda suke bi ɗaya bayan ɗaya, kuma ba su gaggawa. Bayan takardu za su iya cewa ina abin kashe gobara, ina alamar nan mai kusurwa uku da ake ajewa in mota ta lalace, ina akwatin magani. Ka saye su tun daga Kano, ba su kai abin da za a karɓe maka ba. In an busa usur ko ka ga igiya a gicciye, ka tsaya cak, ka kashe waƙa, ka yi sallama, ka ce ina wuni shef. Hausa duk suna ji a wannan yanki.

Ba ina wanke namu ba ne. Ni kaina an taɓa tsare ni a mashigar wani gari, takarduna cikakku, mutumin ya ce to na shayi fa? Na ce shef, yau aljihu ya bushe. Ya yi dariya ya ɗage igiya. Ka riƙe 'yan sefa ƙanana dabam, kada ka biya komai da naira, su za su yanka maka canjin da suka ga dama.

Hajiya Mai Atamfa, Kantin Kwari

Ku masu tuƙi kuna maganar takardun mota, kun manta da mutanen da ke cikinta. Mu fasinja a nan ake cin mu. A karɓe katunan shaida na kowa, a shige ɗaki da su, a riƙa kira ɗaya-ɗaya. Mai kati ya biya kaɗan, marar kati ya biya da yawa, to ina amfanin katin? Na taɓa tambayar wani haka, ya ce Hajiya katin na gwamnati ne, ni kuma nawa nake nema.

Abin da ya fi kama mutane shi ne katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa. Ɗana, ka tabbatar kowa a motarka yana da shi, har yaran da suka isa a yi musu. Ku je asibiti a yi muku allurar ta gaskiya. Wata abokiyar tafiyata ba ta da shi, aka ce ko ta biya ko a yi mata allura nan take a wata rumfa. Da ta ga inda aka ajiye alluran, ba ta ƙara magana ba ta kwance bakin zani. Kuma tun da Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025 an ƙara tsananta tambayar takardu. Ka tafi da fasfo, kada ka dogara da katin zaɓe.

Ɗan Zango, Akara

Ku gode wa Allah iyaka ɗaya za ku ƙetara. Mu daga Legas zuwa gida uku ce: Seme, sai tsakanin Benin da Togo, sai Aflao. Daga Badagiri zuwa Seme kaɗai, kafin ka sa giya ta uku wani ya sake ɗaga maka hannu. An buɗe ofishin haɗin gwiwa na Seme da Krake a 2018, Buhari da Talon suka buɗe shi, gini ya yi kyau, amma shingayen hanya ba su san an yi ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ce ɗan yankin zai shiga ƙasar maƙwabta ba biza har kwana 90. Ba ta ce a biya kuɗin hatimi ba, amma an nemi in biya, kuma da fasfona yake sabo fil ba a taɓa buga masa hatimi ba, sai aka ninka. Ranar na biya. Daga baya na koyi tsayawa a gefe in ce zan jira, wani lokaci a buga min a wurgo, wani lokaci in gaji in bayar. Ku guji yaran nan masu cewa kawo fasfo in taimaka maka, rabin kuɗin nasu ne.

Ɗalibin Ilimi, Gusau

'Yan uwa, kada mu manta Annabi (SAW) ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa, hadisin yana cikin Abu Dawud da Tirmizi. Sai dai malamai da dama sun bambanta wanda ya bayar don ya ci haƙƙin da ba nasa ba, da wanda aka tilasta wa don ya kuɓuta daga zalunci, suka ce na biyun zunubin yana kan mai karɓa. Tambayar da kowa zai yi wa kansa ita ce: tilasta min aka yi, ko inshorata ce ta ƙare nake sayen hanya? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Direban Sharon, Katsina

Akaramakallahu, takarduna a cike suke, zo ka duba. Sai ka sa ni a layin waɗanda aka tilasta.

Tsohon Mai Kaki, Kaduna

Na tsaya a shinge a zamanin aikina, bari in faɗa muku yadda abin yake daga ɗaya gefen. Kuɗin nan da kuke miƙawa ba duka ke kwana a aljihun yaron da ya karɓa ba. Akwai kason da ke hawa sama, akwai man motar sintiri da sau da yawa daga nan yake fitowa. Human Rights Watch ta yi rahoto a kan wannan a 2010, kuma abin da ta rubuta ba baƙo ba ne a wurinmu. A 2012 Sufeto Janar M.D. Abubakar ya ba da umarnin a rushe shingaye, an rushe na ɗan lokaci, suka dawo. Ba ina neman a tausaya wa kowa ba ne, ina so ku gane dalilin da ya sa yaron ba ya jin kunya.

Wanda muke saurin saki shi ne mai natsuwa da cikakkun takardu, don tsare shi asara ce, motoci goma na wucewa. Wanda ke kwana shi ne mai cewa ka san ko ni wane ne. Kada ka ɗaga waya kana ɗaukar bidiyo a fuskar mai bindiga, balle a ƙasar da ba taka ba, kuma kusa da iyaka. Kada ka fizgi takarda daga hannunsa, kada ka ja mota kafin a sallame ka. An rasa rayukan direbobi a kan kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Ka karanta sunan da ke ƙirjinsa a zuciyarka, ka riƙe wuri da lokaci. In ka isa gida, rundunar 'yan sandan Najeriya tana da sashen karɓar ƙorafi tun 2015, ka kai can. Kuma in za a bincika but ɗin mota, ka fito ka tsaya a kai, idonka a kan hannunsa.

Mai Tirela, Illela

Abin da ni gani shi na, duk sadda anka rufe iyaka farashin shinge ka tashi. An rufe daga Agustan 2019 har Disambar 2020, an kuma rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023 har Maris 2024. Mutane ba su bar wucewa ba, hanyar daji anka koma, kuma wanda ya saba amsar babban kuɗi lokacin rufi ba ya komawa ƙarami don an buɗe. Kai mai iyali, ko wa ya ce maka akwai gajerar hanya ta bayan gari, kada ka bi shi. In anka kama ka can, ba ka da bakin cewa a ba ka rasit.

Mai Corolla, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Gobe zan je neman Brown Card da katin rigakafin yara. Bamaraɗe, lese-fasen nan a hannuna zai zauna in na dawo?

Bamaraɗe, Maraɗi

A'a, na duwan ne. Ranar komawa ka tsaya ka miƙa musu shi su shaida motar ta fita, ka kuma duba kwanakin da anka rubuta a kai tun ranar shiga, kada biki ya yi daɗi su ƙare kana Maraɗi. Fasfo ma a buga maka na fita kamar yadda anka buga na shiga, in ba haka ba zuwa na gaba da shi za a kama ka. Ka cika tankinka a Katsina, amma kada ka ɗauko mai a jarka, wannan kaɗai ya isa a ce kai ɗan fasa-ƙwauri ne.